Asabar Uku Kafin Tafiyar Ɗan Fari

Shekara ashirin da huɗu Malam Lukuman Inuwa ya yi yana da ɗa namiji, kuma ko sau ɗaya bai taɓa kiran sa da sunansa ba. Ba gaba ba ce, ba kuma mantuwa ba. Shi da kansa ya zaɓi sunan, shi ya sunkuya ya raɗa wa liman a kunne ranar suna, daga nan ya ja bakinsa ya rufe. Yaron ɗan fari ne, kuma a gidan da Malam Lukuman ya tashi ba a kiran ɗan fari, ba a yi masa wasa, ba a yabon sa a gaban mutane. Shi ma ɗan fari ne a wurin ubansa, tsohon ma'aikacin kuza wanda ya zo Jos da ƙafa, ya rayu, ya mutu, bai taɓa cewa "Lukuman" ba. Ga shi nan ya tashi lafiya, har da digiri biyu da kujerar mataimakin darakta a ma'aikatar ilimi. Saboda haka bai ga abin gyarawa ba.

Sunan yaron Musaddiq. Duk unguwar Gangare ta san haka, mai shago ya sani, mai faci ya sani. Cikin gida ne kawai sunan ba ya shiga. Uwarsa Hasiya takan ce "yayanku", ko da babu ƙanne a kusa. Uban kuwa kalma ɗaya ta ishe shi. Kai, zo nan. Kai, an kira salla. Autar gidan, Ummusalma, sai da ta shiga firamare ta gane ba Kai ne sunan yayanta ba.

Tun daga yaye kakarsa Hajiya Laraba ta ɗauke shi zuwa unguwar Dilimi, kamar yadda aka saba. Da ta rasu yana ɗan shekara goma sha biyu, aka dawo da shi da akwatin kwano ɗaya da ladabin da ya fi ƙarfin gidan. Yakan yi sallama kafin ya shiga falo, ya nemi izini kafin ya buɗe firij. Malam Lukuman yana alfahari da wannan ladabi, can cikin ransa, inda ba wanda zai gani.

A farkon Agusta takarda ta zo. Wani kamfanin haɗa wutar sola a Fatakwal ya ɗauki Musaddiq aiki, zai tafi Litinin ɗin ƙarshen wata. Uban ya karanta takardar sau biyu, ya gano waƙafi ɗaya da ba a sa daidai ba, ya ce, "Allah ya sa albarka," ya miƙa masa abarsa.

Ummusalma ce ta hana shi sakat. Shekararta goma sha huɗu, bakinta kuwa ya girme ta. Da safe ne, yana kai ta darasin hutu a tsohuwar motarsa, ana yayyafi.

"Baba, ka san Yaya ba zai dawo ba?"

"Aiki zai je, ba lahira ba."

"Na ji shi yana waya da abokinsa Inioluwa. Ya ce in ya tafi ya tafi ke nan. Ya ce shi a gidan nan baƙo ne, baƙon da aka manta a sallame shi."

"Ke kuma laɓe kike yi wa mutane?"

"Ɗakinsa da kicin bango ɗaya ne, Baba. Ni wanke-wanke nake yi."

Ya sauke ta ya wuce. Sai da ya kai shataletalen Terminus, wani mai keke ya zage shi, sannan ya lura tun daga gida bai kunna abin share gilashi ba.

A ofis ya jawo durowar ƙasa, inda yake tara takardun tarurrukan bita. Mutum ne da ya halarci bita a kan komai, daga wanke hannu har zuwa zaman lafiya. Bara wata ƙungiya ta tara su kwana biyu a wani otal a Rayfield, a kan tarbiyya. Abin da ya riƙe daga taron shi ne kazar ba ta dahu ba. Amma takardar tana nan, mai sheƙi, da hoton wasu iyali su huɗu suna dariya har dasashi, ba a faɗi abin da ya ba su dariyar ba. A samanta an rubuta da Turanci cewa ga hanyoyi ashirin na nishaɗi da za su ƙara shaƙuwa tsakanin iyaye da 'ya'ya. Ya ɗaga kai ya duba kalanda. Asabar uku suka rage. Hanya ashirin ba za ta shiga Asabar uku ba, sai ya ɗauki jan biro ya yi aikin da ya ƙware a kai, wato tantancewa. Ya soke rawa, ya soke iyo. Ya soke kwana a tanti, don a garin nan wanda ya taɓa kwana a tanti ba nishaɗi ne ya kai shi ba.

Ranar Juma'a ya biya kasuwa ya sayi ludo. Ranar Asabar bayan La'asar ya tara gidan a falo. Amatullahi, 'yarsa ta tsakiya, tana jami'a a Bauci, ta tsira. Sauran ukun suka zauna suna kallon sa, shi kuma ya tsaya a tsaye da kwali a hammata.

"Daga yau kowace Asabar akwai zaman iyali. Za a yi nishaɗi."

Hasiya ta dube shi, ta dubi kwalin. "Malam, wani ne ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu."

"To likita ya gaya maka wani abu ne?"

"Hasiya, zauna sosai. Ke ce kore."

Musaddiq ya zauna a ƙasa, can bakin kafet, ya tanƙwashe ƙafa kamar mai ɗaukar karatu. Uban ya ɗauki ja, shi ya ɗauki shuɗi. Daɗin ludo, ga wanda ya san shi, shi ne ka cinye ɗan abokin wasanka, ka mayar da shi gida ya sake farawa, a yi masa dariya. Ba a yi minti goma ba ƙwaya ta ba Musaddiq huɗu, ga kuma ɗan Baba ja zaune daidai gida na huɗu a gabansa.

"Ci shi! Yaya, ci shi!" in ji Ummusalma.

Musaddiq ya kai hannu, ya tsaya, ya ɗauki wani ɗa daban da ke can baya ya matsar.

"Haba Yaya! Wallahi wannan ha'inci ne."

"Baba ya wuce tukuna."

Malam Lukuman ya ga abin, ya ji daɗi, ya kuma ji wani abu a ƙarƙashin daɗin wanda bai so ya bincika ba. Zagaye biyu bayan haka shi ma ƙwaya ta kai shi kan ɗan shuɗi. Ya yi gyaran murya, ya gyara tabarau, ya matsar da wani. Mutum ba ya cin ɗan farinsa a gaban uwarsa, ko da na roba ne.

Haka suka yi ta kewaye juna, uba da ɗa, kowa yana ba kowa hanya, Ummusalma tana cinye su duka biyu tana tafi. Hasiya ta gama shigar da 'ya'yanta gida ba ta ma san ta ci wasan ba, ta tashi ta ce tuwonta zai kama. Iyakar abin da Malam ya ce wa ɗansa a awa ɗaya da rabi shi ne "Kai, jefa," sau talatin da wani abu. Da aka kira Magariba Musaddiq ya naɗe kwalin, ya tattara 'ya'yan ludon a leda, ya ce, "An gode, Baba." Haka ake cewa idan an ci abinci a gidan mutane.

Asabar ta biyu fita ce, lamba ta bakwai a takarda. Malam ya zaɓi bakin ruwan Rayfield. Hasiya ta soya masa ta cika kula, tana ƙorafin cewa abin da za a ci a zaune a gida ba ta ga dalilin kai shi yawo ba. Musaddiq ya tuƙa, uban yana gefensa, matan suna baya. Suna faka mota hadarin da ya biyo su tun daga gari ya sauke kayansa. Ruwan Agusta na Jos ne, mai sanyi, wanda ba ya sauri kuma ba ya da niyyar tafiya. Suka rufe gilashi suka ci masa a cikin mota, kowa yana kallon gabansa, numfashinsu yana rufe tagogi.

Malam Lukuman ya share ɗan wuri a gilashinsa da gefen hannu. Can a filin ciyawa wani mutum ne mai tumbi, sa'ansa ko ya ɗan girme shi, yana buga ƙwallo cikin ruwan da wani dogon saurayi. Duk sun jiƙe sharkaf.

"Munachi! Munachi, ka ga ƙafar tsoho? Munachi, zo ka karɓa in kai namiji ne!"

Saurayin ya ƙwace ƙwallon, mutumin ya damƙo wuyansa ta baya, suka zube a taɓo tare suna ihu. Malam Lukuman ya ƙirga. Sau goma sha ɗaya mutumin ya kira sunan kafin ruwa ya kore su rumfa. Ya yi ƙoƙari ya ji abin a matsayin rashin kamun kai, kamar yadda da zai ji shi wata ɗaya da ya wuce, amma abin ya ƙi zama.

Da ruwan ya ɗan tsagaita Hasiya ta ce tana son gasasshiyar masara, ita da haƙoranta suka daina shiri da masara tun bara. Ta ja Ummusalma suka fita. Motar ta rage mutum biyu, ta kuma yi musu girma.

"An ce can ruwa ya fi na nan," in ji uban.

"Haka aka ce, Baba."

"Ga sauro."

"Na sayi gidan sauro."

"Madalla."

Tun ranar Alhamis Malam Lukuman ya shirya jimla ɗaya, ya gyara ta, ya rage ta har ta zama ba ta da ƙari. Gidan nan gidanka ne. Amma jimlar tana bukatar a san da wa ake, kuma nan ne matsalar take.

"Kai."

"Na'am, Baba."

"Tayar nan ta baya, ta hagu. Kamar tana saki."

"Na duba ta da safe, bawul ne. Zan canza kafin in tafi." Musaddiq ya goge sitiyari da babban yatsa. "Na rubuta wa Ummu yadda ake kula da batiran sola, na manna a bango. Na sa lambar mai gyaran famfo a ƙasa, da ta mai kawo gas. In sha Allahu ba abin da za ku neme ni a kai."

"To," in ji uban. "Ka kyauta."

Kafin su tafi Ummusalma ta ce sai an yi hoto, tunda takardar Baba ma hoto ne a kanta. Ta tsayar da su biyu a gaban mota.

"Ku matso mana. Ai sai a faka keke a tsakaninku."

Kowa ya matso rabin taku. Ta ɗauka haka nan.

Ranar Litinin Madam Yemisi ta sashen jarrabawa ta same shi yana nazarin takardar. Haifaffiyar Jos ce, kakanninta daga Ogbomosho, kuma shekara goma sha shida suna raba ofishi ɗaya da butar shayi ɗaya.

"Oga Lukuman, wannan takarda kana karanta shi kamar za ka rubuta jarrabawa a kai."

Ya ce wani abokinsa ne yake da matsala da ɗansa, yaron zai bar gari kuma da alama ba ya da niyyar dawowa.

"Wannan aboki naka, shi ma yana sa tabarau irin naka?" Ta jawo takardar ta bi ta da yatsa. "Ka gaya mashi ya yi lamba sha huɗu. Ni na yi da yara na, har Omowunmi ta yi kuka. Ku zauna a zagaye, ka kira sunan mutum, ka jefa mashi ƙwallo, ka faɗi abu ɗaya da kake so a wurin shi. Shi ke nan. Ah ah, wa ya soke shi da jan biro?"

"Ni na soke."

"Don me?"

"Akwai kiran suna."

"To? Yaron ba shi da suna ne?"

"Ɗan fari ne, Madam."

Ta ajiye takardar, ta cire nata tabarau ta dube shi. "Wannan abu naku. Har yanzu kuna yi? Ni na ɗauka ya tafi tare da kuza."

"Kunya ce. Girmamawa ce, ba ƙiyayya ba."

"Oga, kunyar wa? Yaro ne ka haifa, ba surukinka ba. Mu ma muna da namu, ni har yau ban kira ƙanin miji na da suna ba. Amma yaron da na yi naƙuda kwana biyu a kan shi? Ina kiran shi sau hamsin kafin a sha shayi. Ka kira shi, Oga. In bakinka ya faɗi a ƙasa ni zan ɗauko maka."

Daga ranar, in an idar da Azahar, Malam Lukuman ba ya komawa ofis kai tsaye. Yakan shiga motarsa a wurin fakin, ya rufe gilashi, ya gwada. Rubuta sunan ba ya ba shi wahala, ya rubuta shi a fom ɗin makaranta da katin asibiti sau ba adadi. Faɗa ce ta gagara. Gaɓa uku ce kacal, amma yakan kai "Mu" sai harshensa ya noƙe, ya ji kamar an ce ya tuɓe riga a tsakiyar masallaci. Ranar Laraba ya kai gaɓa ta biyu. Ranar Alhamis sunan ya fita gaba ɗaya, a hankali, yana kallon sitiyari, ya ji shi kamar sunan ɗan wani. Maigadin ma'aikata ya zo wucewa, ya ga leɓensa na motsi, ya rusuna ya ce, "A sa mu a ciki, Oga."

Asabar ta uku babu ƙwallo a gidan, sai aka ɗauko lemo ɗaya daga kwando. Malam ya karanta ƙa'idar wasan daga takarda, ya ƙara da cewa an yi wa yara sassauci, za su iya cewa Mama da Baba.

Hasiya ta gane inda aka dosa tun bai kai ƙarshe ba. "Malam, ni ka cire ni a wannan. Ka san abin da kake nema kuwa?"

"Wasa ne."

"Wasa ne a gidan masu hoton."

Amma ba ta tashi ba. Ummusalma ta fara. "Mama! Kin iya masa, kuma ba kya faɗa wa Baba in na fasa kofi."

Hasiya ta cafe lemon, ta juya shi a hannu. Ɗanta yana zaune daf da ita, ba ta dubi wajen ba. "Ummusalma, bakinki ya yi yawa, amma aikinki akwai tsabta."

Ummusalma ta cafe, ta juya. "Baba! Kana sauke ni a bakin get, ba ka shiga ka duba mana malamai."

Lemon ya zo hannun Malam Lukuman. Zai iya jefa wa matarsa, zai iya mayar wa auta, a yi ta zagayawa su uku har Magariba. Kowa a falon ya san haka. Ya juya ya fuskanci Musaddiq. Ya ja numfashi kamar yadda ya saba yi a mota, ya haɗa leɓɓansa, hannunsa kuwa bai jira ba. Lemon ya riga sunan isa. Yaron ya cafe da hannu biyu, yana jira.

"Kai," in ji uban. "Ba ka taɓa ɓata mini suna ba."

"Na gode, Baba."

"Ba ka kira suna ba, Baba, ka faɗi!" in ji Ummusalma. "Sake. Kai ka karanta ƙa'idar da bakinka."

"Bar shi, Ummu." Musaddiq ya faɗa ba tare da ɗaga murya ba, idonsa a kan lemon. "Al'ada ce, na sani. Hajiya ta yi mini bayani tun ina aji uku, ranar da na tambaye ta ko Baba ya san sunana. Ta ce ya sani, so ne ya yi yawa, shi ya sa ake ɓoye shi kada mutane su gani. Na yarda. An kuwa ɓoye shi da kyau."

Ruwa yana ɗiga daga indararo cikin bokitin da Hasiya ta tara.

"Saura kai, Yaya."

Bai jefa ba. Ya tashi a kan gwiwa ya miƙa wa uban lemon da hannu biyu. "Baba. Tunda nake ba ka taɓa ɗora hannu a kaina ba."

Ummusalma ta yi dariya ta ce ita kam ta sha ranƙwashi. Malam Lukuman bai yi dariya ba. Ya yi shekaru yana gyara jimlolin mutane, ya san jimlar da take da ma'ana biyu in ya ji ta, ya kuma san yaron bai yi kuskure ba.

Hasiya ta miƙe ta karɓe lemon daga hannun mijinta. "Ya isa haka. Ba a wasa da abinci." Ta shiga kicin, suka ji ƙarar wuƙa a kan faranti.

Litinin da safe garin ya tashi da hazo da yayyafi. Hasiya ta yi bankwana daga bakin kicin, ta ba tsakar gida baya.

"Ummu, ce wa yayanki akwai dambun nama a aljihun jaka na gefe. Ce masa ya riƙa salla a kan lokaci."

Musaddiq yana tsaye taku uku daga inda take. "Na ji, Mama. A yafe mini."

"Ce masa bai yi mini komai ba."

Uban ne ya tuƙa wannan karon. Bas ɗin Fatakwal tana lodi a wata tasha bayan Terminus, daga inda ake hango ƙwarangwal ɗin babbar kasuwa da ta ƙone tun yaron yana rarrafe. Wurin ya cika da buhunan dankali da kabeji, da masu shayi, da 'yan kamasho suna kiran garuruwa. Musaddiq ya sauke jakarsa da kansa, ya kai ta but da kansa, ya dawo ya rusuna.

"To Baba, sai mun yi waya."

"Allah ya kiyaye hanya. A riƙe amana."

"In sha Allahu."

Ya juya ya nufi ƙofar bas. Malam Lukuman ya tsaya yana kallon bayansa, jakar goyo da hular sanyi, ya ga wuyan irin na kakan yaron ne sak, abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Mutum huɗu ne a layi kafin yaron. Suka zama uku. Ya faɗi sunan, amma injin bas ya haɗiye shi. Suka zama biyu. Ya cika ƙirjinsa ya sake.

"Musaddiq!"

Ya fita da ƙarfi fiye da yadda ya nufa, a bushe, kamar ana kiran rajista a aji. Wata mai sayar da ƙosai ta waiwayo. Wani fasinja ya leƙo ta taga. Musaddiq ne na ƙarshen juyowa, kuma da ya juyo ba uban ya fara duba ba, sai da ya duba hagu da dama yana neman wanda ya san shi. Sannan ya gane. Ya fita daga layi ya dawo da sauri, fuskarsa a firgice.

"Lafiya, Baba? Wani abu ya faru?"

"Lafiya lau."

"Jikinka ne?"

"Ba komai. Kira kawai na yi."

Yaron ya sunkuyar da kai. Kunnuwansa ne kawai a waje da hula, uban ya ga yadda yake satar kallon mutane ta gefen ido, kamar wanda aka yi wa tsirara a kasuwa.

"Baba, don Allah," ya faɗa ƙasa-ƙasa. "Mutane na ji. Bai dace da bakinka ba. Ka bar shi yadda yake."

Malam Lukuman ya tsaya da bakinsa a ɗan buɗe. Jimlar nan da ya shirya tun makonni biyu tana nan, yanzu ga sunan ya share mata hanya, amma ta ƙi fitowa. Abin da ya fito shi ne, "Da Salla za ka zo?"

"Sai yadda aiki ya yi." Musaddiq ya laluba aljihun wandonsa. "Af, na kusa tafiya da shi." Ya ciro makulli ɗaya a zaren igiyar takalmi, ya sa a tafin uban ba tare da yatsunsu sun haɗu ba. "Na ɗakina ne. A ba Ummu ɗakin, ta daɗe tana so. Na kwashe komai, na share."

Ɗan kamasho ya buga jikin bas ya ce saura mutum ɗaya. Musaddiq ya sake rusunawa, ya shiga. Kujerarsa ta ɗaya gefen ce, saboda haka babu tagar da za a ɗaga wa hannu. Malam Lukuman ya tsaya cikin yayyafi har bas ɗin ta yi kwana ta ɓace bayan rumfunan masu gwanjo.

Bai wuce ofis ba, ya koma gida. Hasiya tana zaune a baranda da faifai a cinya tana tsintar shinkafa. Ba ta ɗago ba.

"Ya samu mota?"

"Ya samu."

"Ya ce yaushe?"

Malam Lukuman ya ajiye makullin a kan faifan, a tsakiyar shinkafa. Ta daɗe tana kallon makullin. Sannan ta sa ɗan yatsa ta tura shi gefe, can wajen tsakuwoyin da ta tsince, ta ci gaba da aikinta.